Shaidar Zur A Cikin Injin Mota

 Mas'alar wannan mako ta fito ne daga garejin kanikawa, wurin da mutane da yawa ba su zaci fiƙihu yana da ta cewa a cikinsa ba.

Duk wanda ya san Funtuwa da Malumfashi ya san cewa da zarar kaka ta yi, mota ba ta hutawa. Masara da dawa da waken suya da auduga suna ta fitowa daga Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, ana loda su har bayan mota ya kusa taɓa ƙasa. Mafi yawan ƙananan motocin da ke wannan wahala, irin su Golf da Sharan da Corolla, tsofaffi ne da aka gama cin moriyarsu a Turai ko Amurka kana aka turo su nan. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

Waɗannan motoci sukan zo da wasu kayayyaki a jikinsu waɗanda ba su ƙara wa mota gudu, aikinsu kurum shi ne rage dafin hayaƙi. Akwai matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa suka laƙaba wa suna indomie saboda cikinta ya yi kama da curin taliyar nan. Akwai bawul ɗin da ake kira EGR, mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin injin don ya rage zafin ƙuna. Akwai kuma wani gwangwani mai gawayi a ciki, wanda yake kama tururin fetur da ke tashi daga tanki ya ajiye shi har injin ya zuƙe ya ƙone. Asalin al'amarin kuwa dokar tsabtace iska ce da Amurka ta yi a 1970, wadda ta sa daga 1975 yawancin sababbin motocin can suka fara fitowa da matata. Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, mota mai kaburata wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. A kanta manyan kanikawan wannan yanki suka koyi sana'a, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗayansu ya buɗe injin zamani ya ga tiyo-tiyo da wayoyi sun cika shi, ya ɗauke su tarkace ne da Turawa suka ƙara don wahalar da mutane.

Adalci ne a faɗi uzurin masu cirewa. Matata takan toshe, idan kuwa ta toshe mota ba ta iya jan kaya, ta dinga shan mai tana zafi. Sabuwa tana da tsada ƙwarai, domin a cikinta akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinom da faladiyom da rodiyom. Fetur mai dalma, wanda ke kashe matata nan take, bai gushe daga ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ba sai a farkon 2006, man da ya biyo bayansa ma ya daɗe yana ɗauke da farar wuta mai yawa. Direban da ya ci bashi ya sayi mota, ga iyali, ga kuɗin mai da ya tashi tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, idan aka ce masa ya sayi sabuwar matata ko ya ajiye mota, an san abin da zai zaɓa. Za a komo kan wannan uzuri a gaba. Abin da ake son dubawa tukuna shi ne wani ɗan ƙaramin abu da ke saura bayan an gama cire-ciren.

Sunansa solonoyid. Girmansa bai wuce kwalin ashana biyu ba. Siririyar waya ce aka naɗe ta kamar zare a jikin mazari. Idan wuta ta bi ta cikinta sai ta zama maganaɗisu, ta jawo wani ɗan ƙarfe, ƙofa ta buɗe, iska ta wuce ta tiyo. Kwamfutar mota, wadda ake ce wa ƙwaƙwalwa, da irin waɗannan take buɗe bawul ɗin EGR ta rufe shi, da su kuma take sakin tururin gwangwanin gawayi. Watau su ne 'yan aikenta. To, idan aka cire bawul aka cire gwangwani, ɗan aike ya rasa inda za a aike shi. Amma ƙwaƙwalwa ba ta san an yi haka ba, tana nan tana kiransa. Idan bakanike ya zare soket ɗinsa, sai ta ji shiru, nan da nan ta kunna fitilar gargaɗi mai hoton injin a gaban direba.

Kanikawa suna da dabaru a kan wannan. Wani yakan bar solonoyid ɗin a maƙale da wayarsa, ya cire tiyonsa, ya toshe bakunan da suka saura a jikin injin don kada ya zuƙi iskar da ba a auna ba ya riƙa rawa. Sai solonoyid ya ci gaba da buɗewa da rufewa a banza, yana amsa kira, ƙwaƙwalwa ta ɗauka lafiya lau. Wani yakan cire shi gaba ɗaya ya sa ɗan rizista irin na masu gyaran rediyo a gurbinsa, don ya kwaikwayi nauyin wutar da yake ci. A motocin da suka fi sabunta wannan ba ya isa, domin tun 1996 motocin Amurka ƙwaƙwalwarsu takan auna ko aikin ya gudana da gaske, ba amsa kira kaɗai ba. A nan sai a koma ga mai kwamfuta ya goge wannan sashe daga cikinta. Wani kuwa ba ya wahalar da kansa: ya kwance allon gaban direba, ya cire ƙwan fitilar, ko ya liƙe ta da baƙin salatif.

Tambayar da masu tsoron Allah daga cikinsu suke yi ita ce: shin barin solonoyid yana amsa kira alhali ba ya aikin komai, ba ƙarya ba ce? Tambaya ce mai kyau, kuma ta fi yadda take a ido zurfi.

Ƙarya a shari'a ita ce ba da labari saɓanin yadda abu yake, yaudara kuwa ita ce sa wani ya ƙudurta abin da ba haka ba don a ci wani abu daga gare shi. Dukkansu suna bukatar wanda za a yi wa. Ƙwaƙwalwar mota ba ta da hankali, ba ta da haƙƙi, ba ta da dukiyar da za a ci. Manomin da ya kafa mutum-mutumi a gonar gero don tsuntsaye su zaci mutum ne, babu malamin da ya taɓa cewa ya yi ƙarya, ga shi kuwa tsuntsu rai gare shi, ƙarfe ko ran ma babu. Saboda haka ruɗin injin, a kan kansa, ba zunubi ba ne. Sai dai maganar ba ta tsaya a ƙwaƙwalwa ba. Abin da solonoyid ya gaya mata, ita kuma fitila take gaya wa, fitila kuwa da mutum take magana. Duk lokacin da ta mutu bayan an ta da mota, shaida ce take bayarwa cewa kayan injin suna nan cikakku suna aiki. Hukuncin yana rataye ne a kan mutumin da ke karanta wannan shaida: ya san yadda aka shirya ta, ko bai sani ba?

Idan mai mota ne da kansa, ya san abin da aka cire, ya san abin da aka bari da dalilin barinsa, to babu wanda aka yaudara. A wannan hali ma barin solonoyid ya fi cire ƙwan fitila nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne fitilar nan guda ɗaya ce, amma laifuffuka masu yawa take sanarwa: filogin da ya daina ƙuna, na'urar auna zafi da ta lalace, mai da ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Idan aka bar ta kullum a kunne saboda solonoyid guda, ta zama kamar maroƙin da ke kururuwa safe da yamma, ranar da gobara ta tashi ba mai waiwayarsa. Idan kuma aka cire ƙwanta, an makantar da direban da ke ɗauke da rayukan mutane a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya ko Malumfashi zuwa Yashe. Wanda ya rufe mata baki a kan abu ɗaya da ya sani, don ta iya buɗe baki a kan sauran, ya yi aikin hankali. Wanda ya ƙwaƙule ta ya yi sakaci da amanar fasinja, ko da motar tasa ce.

Amma mota ba ta mutuwa a hannun mutum ɗaya. A wannan yanki kusan kowace shekara bayan an sayar da amfanin gona motoci sukan canja hannu, wanda ya samu ya saya, wanda ya gaza ya sayar. Ranar da aka kai ta wurin dillali, sai wannan ɗan ƙarfe da jiya ba shi da laifi ya koma mai shaidar zur. Mai saye ya murɗa makulli, fitila ta kama, injin ya tashi, ta mutu, ya ce madalla. Bai san an sayi bakinta ba.

Malaman fiƙihu sun san irin wannan tun kafin a ƙera mota. Akwai abin da suke kira tasriya, watau mutum ya bar tatsar akuya ko saniya ko taguwa kwana biyu ko uku kafin ranar kasuwa, hantsarta ta cika ta yi tantsan, mai saye ya zaci haka take ba da nono kullum. Mai dabbar bai furta ƙarya ko ɗaya ba, ya bar hantsa ta yi masa magana. Duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan, ya kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa ya gane: ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Malikiyya suka ce sa'in daga abincin da ya fi rinjaye a garin ake bayarwa, wanda a Funtuwa masara ce ko dawa. Abin lura shi ne shari'a ta ɗauki yaudara da aiki daidai da yaudara da harshe. Haka nan labarin nan sananne da Muslim ya ruwaito, na mai tsibin hatsin da ruwa ya taɓa, ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, har Annabi ya cusa hannu ya ji danshi. Ba a zarge shi don hatsinsa ya jiƙe ba, ruwan sama ba laifinsa ba ne. An zarge shi don bai ɗora jiƙaƙƙen inda ido zai gan shi ba. Mai motar da matatarsa ta toshe shi ma ba laifinsa ba ne. Laifin yana farawa daga inda ya mayar da busasshe sama.

Kada a zaci wannan ciwo na ƙananan gareji ne kawai. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa wa motocinsa masu shan gas wata dabara a ƙwaƙwalwa, wadda take gane lokacin da ake gwajin hayaƙi sai ta tsabtace shi, idan an hau titi ta sake shi. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya, ya kuma biya tara da diyya na biliyoyin daloli. Injiniyoyi ne masu manyan digirori, amma abin da suka yi tasriya ce tsantsa.

Masu sayarwa suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wa ya isa ya sayi Golf mai shekara talatin a Malumfashi yana tsammanin indomie a cikinta? Lalle al'ada tana da gurbi a shari'a, kuma aibin da yake bayyane, ko wanda mai saye ya shiga ciniki da saninsa, ba a mayar da kaya saboda shi. Idan da gaske motar irin wadda kowa ya san an yashe ta ce, kuma kuɗinta bai ƙaru da ko sisi saboda shirun fitila ba, to nauyin ya yi sauƙi. Amma rariya ramukanta a fili suke, ba wanda ya liƙe su da ƙullu kafin ya kai ta kasuwa. Ma'aunin da Ibn Abi Zaid ya kafa a babin ciniki na Risala, littafin da ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, mai sauƙi ne: duk abin da mai saye zai ƙi in ya ji shi, ko zai rage kuɗi saboda shi, ɓoye shi bai halatta ba. Kowa kuwa ya san dillalai sukan leƙa ƙarƙashin mota su ƙwanƙwasa salansa, mai matata da marar matata ba kuɗinsu ɗaya ba. In da shirun fitilar ba ya ƙara kuɗi, da ba a ga mutum yana biyan mai kwamfuta ana gobe kasuwa ba.

Akwai kuma masu cewa, “Ga ta nan, yadda ka gan ta haka ka saya, gani ya kori ji.” Suna zaton wannan kalma ta wanke su. A mazhabar Imamu Malik ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru a kansa. Wajibi ne ya ambaci aibin da sunansa, ya nuna shi, kada ya dunƙule shi cikin jimla, kada kuma ya jero aibobi goma na ƙarya don na gaskiyar ya ɓace a tsakaninsu. Abin da ake nema bai fi numfashi ɗaya ba: an cire matata, an toshe EGR, solonoyid biyu suna nan a maƙale ba aiki. Mai sayen da ya gano daga baya yana da haƙƙin mayar da mota ya karɓi kuɗinsa, in kuwa mayarwa ta faskara, a ƙiyasta bambancin kuɗin lafiyayya da mai aibi a ba shi. Yana kuma da kyau mai saye ya san cewa idan ya murɗa makulli kafin injin ya tashi, dole fitilar ta kama. Idan ba ta kama ba, ko an cire ƙwanta, ko an liƙe ta, ko kuma ƙwan ya mutu. Sauran dabarun kuwa sai na'urar bincike da duban ido a ƙarƙashin mota.

Sai a komo kan uzurin da aka jingine. A duk wannan ciniki akwai mutanen da ba a shawarta ba, ba su da riba, amma su ne masu shaƙa: mai tuyar ƙosai a bakin tasha, ɗan acaɓan da ke bin bayan mota, almajirin da ke tsaye a mararraba, da yaran garejin kansu. Matata tana juya iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi kuma ita ce ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, ta mayar da ita mai sauƙin cuta. Ƙa'idar gusar da cuta tana cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu, kuma iskar gari ba mallakar mai mota ba ce. Hukuma ma ta yi magana: an kafa NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motoci a 2011, ƙasashen ECOWAS kuma suka amince a 2020 da tsaurara ma'aunin mai da na motocin da ake shigowa da su. Rashin ganin mai kamawa a hanya bai mayar da cutarwa halal ba. Talakan da matatarsa ta mutu ba shi da halin wata, ana iya ba shi uzurin larura, amma larura gwargwadonta ake ɗauka. Ba ta halatta a bi lafiyayyun kaya a tumɓuke don kawai an saba. Gwangwanin gawayi ba ya rage wa mota ƙarfi, cire shi ma zubar da tururin man da aka saya da tsada ne. Bawul ɗin EGR sau da yawa wanki kurum yake so, wasu injina kuma in an toshe shi sukan fara ƙwanƙwasa idan sun ɗau kaya. Ita matatar ma galibi wani ciwo ne ke kashe ta, ko injin na ƙona baƙin mai ko filogi ba ya ƙuna, wanda ya cire ta bai gyara wancan ba ya kashe ɗan saƙo ne ya bar mai saƙon.

Shi kuwa bakanike matsayinsa ya fi na kowa nauyi, domin shi kaɗai ne ya ga cikin injin. Malikiyya sun ɗora wa mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a lamunin kayan da aka bar masa a bayan idon mai su, saboda maslahar mutane, tun da ba kowa ke iya tsayawa a kan tela ko marini ko maƙeri ba. Duk abin da ya fito daga jikin mota, tun daga matata har ɗan solonoyid da guntun tiyo, dukiyar mai mota ce. Masu sayen matattun matatu suna yawo gareji-gareji da kuɗi a hannu saboda ƙarafan cikinsu. Wanda ya ce wa mai mota ta toshe alhali lafiyarta ƙalau, ya fasa ya kwashe, ya walde salansa ya bar fitila a kashe, ya haɗa ƙarya da cin amana da sata a aiki guda. Wanda ta toshe da gaske ya cire, amma ya sayar bai faɗa ba, shi ma ya ci abin da ba nasa ba, ko da ya kira shi ladan aiki. Hanyar kuɓuta ita ce ya zuba abin da ya cire a leda ya miƙa wa mai shi, ya nuna masa da yatsa abin da ya bari a maƙale, in mai motar ya ga dama ya bar masa.

Akwai kuma ranar da mai mota zai shigo gareji ya ce, “Maigida, kashe mini wutar nan, gobe zan kai ta kasuwa.” Jiya wannan aiki ɗin, da wannan hannu da wannan waya, halal ne. Yau an gaya wa bakanike abin da za a yi da shi, ya fita daga sahun wanda bai sani ba, hukuncinsa ya zama na mai taimako a kan algus, kamar wanda aka ba akuya aka ce ya ɗaure mata hantsa. Yana iya gyara ainihin abin da ya lalace ya karɓi ladansa, yana iya kashe fitilar da sharaɗin za a rubuta abin da aka cire a haɗa da takardun mota, yana kuma iya cewa a gwada garejin gaba.